Yaji da Biko a Tarihin Ƙasar Hausa

Yaji shi ne matar aure ta bar gidan mijinta cikin fushi, ba da izninsa ba, ta tafi wurin danginta, alhali igiyar aure tana nan ba a tsinka ta ba. Biko kuwa shi ne mijin, ko waɗanda ya wakilta, su bi sawunta, a zauna gaban manya a ji abin da ya fitar da ita, a ba da haƙuri, sannan a mai da ita ɗakinta. Tare suke tafiya, kuma su ne hanyar da Hausawa suka daɗe da tanadar wa wanda aka zalunta ba shi da ƙarfin ramawa. A cikin aure aka fi sanin al'adar, amma tsarinta ya ratsa zaman gandu, da zaman bara da ubangidansa, da zaman talaka da sarki, har ya iso ga ma'aikaci da gwamnati.

Ba da yaji ake fara fushi ba. Tarbiyyar Bahaushe ta ɗora haƙuri a kan komai, kuma nasihar da ake yi wa amarya daren da za a kai ta ɗaki ba ta wuce haƙuri da "yi, na yi, bari, na bari". Saboda haka matar da aka ɓata wa rai takan fara da abin da bai kai ga fita ba. Ta ɗaure fuska, ta rage magana, ta shiga gaba da kishiya ko facala. Ta yi habaici a bakin turmi ko dutsen niƙa, inda waƙar aiki ke ba ta damar faɗin abin da ba za ta iya faɗa wa miji ko uwar miji ido da ido ba. Kowa a gidan ya san da wa ake, amma tunda ba a kama suna ba, babu wanda zai ce an yi masa rashin kunya. Wata takan kai kuka wurin babban abokin miji, wata ta ce Allah ya isa ta yi shiru, kuma wannan kalma ce da ko azzalumi ba ya son a faɗa masa. Sai duk waɗannan sun kasa, tura ta kai bango, sannan take ɗaukar mayafi.

Abubuwan da ke fitar da mace sanannu ne, kuma yawancinsu suna komawa ga rashin adalci. Akwai tauye rabon kwana tsakanin kishiyoyi, da fifita wata a kayan sallah ko cefane, da duka, da gori, da zagin iyaye, da rashin ci da sutura. Talauci shi kaɗai bai cika fitar da mace ba. Matar da za ta shekara tana shan kunu da miji ba ta koka ba, ita ce za ta fita ranar da ta ga an saya wa amarya turmi biyu ita an ba ta ɗaya, domin abin da ya taɓa ta shi ne matsayinta a gidan.

Yadda ake fitar ma yana da ma'ana. Mai yaji takan tafi da goyonta da kayan jikinta, ta bar gado da jere da kwanuka a inda suke. Barin kayan ɗaki saƙo ne cewa ba ta yanke zama ba; ranar da aka aiko a kwashe kaya, kowa ya san magana ta ƙare. Wannan ya bambanta yaji da ganin gida, da tafiya goyon ciki ko wankan jego, waɗanda da izni ake yin su, ya kuma bambanta shi da kora, inda miji ne ke cewa ta tafi gidansu sai ya neme ta. Sau da yawa ba gidan mahaifinta take dosa ba. Kunya ba ta barin uba ya saurari ƙarar 'yarsa a kan mijinta, balle idan 'yar fari ce, don haka takan sauka wurin baffa ko kawu ko gwaggo, ko wurin waliyyin da ya ba da aurenta.

Daga nan nauyi ya koma kan miji. Akan bar kwana biyu ko uku zuciya ta huce, amma idan ya daɗe bai motsa ba, dangin matar za su ɗauka ya raina su. Shi ma kunyar surukai ba ta barin ya tsaya yana kare kansa, sai ya tura baffansa ko yayansa ko limamin unguwa, ko ya bi su ya zauna daga gefe kansa a sunkuye. Bayan gaisuwa mai magana zai ce, "Mun zo biko ne, a yi mana aikin gafara, Allah ya huci zuciyarku." Sai a kira matar, ko a tura wata dattijuwa ta jiyo ta bakinta. A nan ne, watakila karo na farko tun da aka ɗaura auren, ake faɗin laifin miji a fili a gaban mutanen da yake jin nauyinsu. Idan laifin ya tabbata, a yi masa faɗa, a karɓi alkawarin ba zai ƙara ba. Idan ita ce ta yi gaggawa, nata dangin su tsawata mata. Yakan kawo kayan biko, goro da sabulu da atamfa ko kuɗi, gwargwadon hali da girman laifi, kuma wata tsohuwa daga danginta ce ke raka ta ta koma.

Amfanin wannan tsari a bayyane yake. Yana raba masu fushi kafin hannu ya kai ga abin da za a yi da-na-sani, yana ba da lokaci, yana shigo da na uku wanda zai saurara, kuma yana sa mai ƙarfi ya taka da ƙafarsa zuwa ƙofar wanda ya ɓata wa. Takawar nan ita kanta rabin biyan haƙƙi ce. Rauninsa ma a bayyane yake: sau da yawa zaman biko yakan ƙare da "a yi haƙuri" ba tare da an taɓa tushen cutar ba, a mai da mace ga abin da ta gudo dominsa, har ta yi yaji na uku da na huɗu a fara kiranta marar haƙuri.

Ana samun al'adar a wurin Maguzawan ƙasar Kano da Katsina da Azna na ƙasar Nijar kamar yadda ake samunta a wurin Musulmi, abin da ke nuna daɗewarta. Tushenta yana cikin tattalin gidan manomi. A inda ƙasa ke da yawa, hannu ke da ƙaranci, rashin mutum ɗaya nan da nan yake bayyana: babu mai daka, babu mai kai fura gona, a wurin Maguzawa har da mai riƙe fartanya. Haka abin yake ga ɗa a gandu. Yana noma gonar ubansa, uban yana ci da shi, ya biya masa haraji, ya yi masa auren fari, ya yanka masa gayauna. Idan uba ya kasa sauke nasa nauyin, ko ya fifita 'ya'yan wani ɗaki, ɗan ba zai ɗaga masa murya ba. Sai ya tafi cin rani ya ƙi dawowa da faɗuwar damina, har a tura wani ya lallaso shi. Bara ma idan ubangida ya wulaƙanta shi yakan janye jiki, ya daina zuwa gaisuwa, kuma ubangidan da barorinsa ke watsewa ya san darajarsa ce ke raguwa.

Da Musulunci ya kafu, al'adar ta haɗu da fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalan ƙasar Hausa suka koya daga Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil da Tuhfa ta Ibn Asim. A zahirin hukunci, matar da ta fita ba da izni ba, ba tare da uzuri ba, ta yi nushuzi, kuma ciyarwa na iya faɗuwa daga kan miji. Amma mazhabar ta ba wa cuta muhimmanci ƙwarai. Idan mace ta tabbatar da cewa ana cutar da ita, alƙali na iya raba auren ko miji bai so ba. Idan ƙara ta yi ta maimaituwa babu shaida, ana iya zaunar da ma'auratan cikin maƙwabta mutanen kirki da za su lura, ko a naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga nata, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta tsara. Wannan ya yi kusa da zaman biko har ya sa malamai ba su ga dalilin rushe al'adar ba. Sun dai yi ta wa'azi a kan fita ba izni, dangi kuma suka ci gaba da karɓar 'ya'yansu, aka bar alƙali ya zama matakin ƙarshe.

A fagen sarauta, yajin talaka shi ne ƙaura. Arzikin sarki jama'a ne, domin su ke biyan kuɗin ƙasa da jangali, su ke gyaran ganuwa, su ke fita yaƙi. Manomin da dagaci ya matsa wa yakan jira kaka ta wuce, ya kwashi iyali ya koma ƙasar wani, inda za a tarbe shi da fili. Wasu tungaye da unguwanni haka aka kafa su. Mai mulkin da ke da hankali yakan aika a ba da baki kafin sauran su bi.

Jihadin ƙarni na 19 ma da irin wannan fita ya fara. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa zaluncin sarakunan zamaninsa a Kitabul Farƙi, har da harajin da shari'a ba ta sani ba, da gaisuwar da ake kai wa masu mulki, da ƙwace kayan talaka a kasuwa. Da zama da Sarkin Gobir Yunfa ya gagara, Shehu da jama'arsa suka bar Ɗagel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. A wurinsu hijira ce irin ta Annabi, da hukuncinta na addini, amma abin da ya biyo baya kowane Bagobiri ya gane shi: Yunfa ya aika yana neman Shehu ya komo. Shehu ya gindaya sharuɗɗa, cewa sarki ya tuba, ya tsayar da adalci, ya mayar da dukiyar da aka ƙwace da mutanen da aka kama. Ba a cika sharuɗɗan ba, kuma a watan Yuni na shekarar aka gwabza a Tabkin Kwatto.

Misalin da ya fi kowane nuna kyakkyawar fuskar al'adar shi ne na ƙanen Shehu, Abdullahi ɗan Fodiyo. A wajen 1807, yaƙi bai ƙare ba, ya ga abin da aka yi jihadi don kawarwa yana tsirowa a cikin jama'ar kanta: son muƙami, da tara dukiya da dawaki da ƙwaraƙwarai. Ransa ya ɓaci matuƙa, kamar yadda ya bayyana da kansa a Tazyinul Waraƙati. Yana da ilimi da mabiya da sunan da zai iya raba rundunar biyu da su, amma bai yi haka ba. Ya bar ta ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka da Madina. A Kano mutanen gari suka tare shi, suka roƙe shi ya zauna ya koya musu yadda ake mulki bisa shari'a. Ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, littafin da ya tsara haƙƙin talaka a kan mai mulki da aikin alƙali da duba koke-koken waɗanda aka zalunta, sannan ya koma wurin yayansa. Fushin da zai iya zama fitina ya zama littafin da alƙalai da sarakuna suka yi ta komawa gare shi.

Sauran misalan ba su ƙare haka ba. Malam Abdussalami, Ba'are, yana cikin almajiran Shehu na farko, kuma harin da Gobirawa suka kai wa garinsa Gimbana yana cikin abubuwan da suka jawo hijira. Bayan nasara ya ga rabon da aka ba shi bai kai wahalar da ya sha ba. Da Shehu ya rasu a 1817, ya janye a Kware ya ƙi bin Muhammadu Bello, wanda ya gaji Shehu. An yi musayar wasiƙu, Bello ya tattara labarin a Sardul Kalami, amma rarrashin bai ci ba. Aka ci Kware da yaƙi, Abdussalami ya rasu da rauni a Bakura a farkon 1818. A wajen 1846 Malam Hamza da wasu malaman Tsakuwa ta ƙasar Kano suka ƙi yarda da kuɗin ƙasar da aka ɗora musu, suka fice zuwa duwatsun Ningi, kuma daular da ta tsiro daga wannan fita ta shafe kusan rabin ƙarni tana kai hari ƙasashen Kano da Bauchi da Zazzau. A 1893, da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur sarautar Kano, 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi, waɗanda suka daɗe suna ganin an ture su gefe, suka bi ɗan'uwansu Yusufu suka fita zuwa Takai. Basasar da ta biyo baya ta ƙare da Aliyu Babba a kan gadon sarauta a 1894 da mutuwar Tukur a 1895. A duk ukun an rasa ɗayan abu biyu: ko wanda aka yi wa fushi bai ga dalilin sauke kai ba, ko babu babban da ɓangarorin biyu ke jin nauyinsa.

Zuwan Turawa ya canza lissafin. Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903 aka tura hakimai su zauna a gundumominsu, aka rubuta sunayen masu biyan haraji, aka koma karɓarsa da kuɗi. Wanda ya bar wannan dagaci ya koma wurin wancan, takardar haraji iri ɗaya zai tarar. Iyakar mulkin Ingila da na Faransa ce ta buɗe wata ƙofa: mutanen Damagaram da Maraɗi da Ƙonni sun yi ta tsallakowa ƙasashen Daura da Katsina da Sakkwato suna guje wa haraji da aikin tilas, musamman a shekarun yunwa na 1913 zuwa 1914 da na 1931, har Faransa ta soke aikin tilas a 1946. Bayi ma da yawa sun bar rinji bayan dokar 1901 da ta 'yanta duk wanda aka haifa daga wannan shekara, kafin a haramta bautar gaba ɗaya a Arewa a 1936.

Wannan sauyi ya shafi yajin mata ta hanyoyi biyu. Da bauta ta gushe, mata da yawa suka janye daga aikin gona, kulle ya bazu har ƙauyuka, sai yaji ya zama kusan fita ɗaya tilo da mace ke yi da ra'ayin kanta. Sannan kotunan alƙalai suka yawaita a hedikwatocin gundumomi, hanya ta yi aminci, shari'ar aure ta zama cikin abin da ya fi cika su. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 aka buga a 1954, cike yake da matan da suka tafi wurin dangi, da mazan da suka aika a ba da haƙuri, da aurarrakin da suka ƙare gaban alƙali. Ita kanta Baba aure huɗu ta yi. Inda al'adar ta fi kasawa shi ne auren dole. Yarinyar da aka ba wanda ba ta so, wurin wa za ta kai yaji, alhali waɗanda za ta gudu wurinsu su ne suka ba da ita? Akan mai da ita da bulala, ta sake gudu, kuma wasu daga cikin irin waɗannan yara a birni suka ƙare suna zaman kansu. Balaraba Ramat Yakubu ta gina littafinta Wa Zai Auri Jahila? a kan wannan matsala.

Da aikin albashi ya zo, Hausawa suka kira dakatar da aiki yajin aiki, domin tsarin ɗaya ne: ma'aikaci ya janye hannunsa bai ajiye aikin ba, yana jiran a biyo shi. A tsakiyar 1945 ma'aikatan jirgin ƙasa da na gidan waya da na ayyukan gwamnati, da Michael Imoudu a gaba, suka yi kimanin mako shida suna yaji a kan tsadar rayuwar da yaƙin duniya ya haifar, garuruwan reluwe irin su Zariya da Kaduna na ciki, kuma daga baya gwamnatin mulkin mallaka ta ƙara musu kuɗi. An sake yin na gama-gari a watan Yuni na 1964. Talakan da ba ya cin albashi kuwa, da ƙaura ta daina yi masa magani, sai ya koyi tsayawa a inda yake ya yi magana. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, Malam Aminu Kano ya jagorance ta daga baya, a kan wannan ta ginu, kuma 'ya'yanta sun sha ɗauri da bulala a hannun En'e saboda faɗin abin da a da sai a habaici ake faɗinsa.

A yau yajin aure yana nan, amma ginshiƙansa sun yi rauni. Aure yakan kai yarinya gari mai nisa da danginta. Gidan gandu mai baffanni da gwaggonni ya ragu, ma'aurata na zaune a ɗakin haya cikin maƙwabtan da ba su san asalinsu ba. Uban da ke fama da abincin gidansa yakan ce wa 'yarsa ta koma tun a daren da ta zo, kafin ya ji abin da aka yi mata. Wani mijin ba ya zuwa bikon sam, ya bar mace wata da watanni, ba aure ba saki, wani kuma ya aika sakin ta waya. Hukumomi sun shiga gurbin da dangi suka bari. A Kano, Hukumar Hisba da aka kafa da doka a 2003 tana zaman sulhun ma'aurata kullum, haka ma fadojin masu unguwanni da hakimai, da ƙungiyoyin mata irin su FOMWAN da aka kafa a 1985. A Nijar doka ta amince wa sarakunan gargajiya su yi sulhu a rigingimun aure da na gona kafin a je kotu.

Matar da aka ƙi bi biko takan ƙare a kotun shari'a tana neman ciyarwa ko rabuwa. A can za a nemi shaidun cutar da aka yi mata, alhali yawancin cutar a cikin ɗaki aka yi ta, inda babu mai gani. Idan shaida ta gagara, hanyar da ta rage mata ita ce hul'i, wato ta fanshi kanta da mayar da sadaki ko abin da aka daidaita a kai, kuma mata da yawa da aka zalunta haka suke fita, su ne masu biya.